Fagen Tambaya da Amsa: Haihuwa Ce Ta Tsufar da Ni?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga mata masu goyo suke, kuma ko da yake kowace da irin bayaninta, damuwar kusan ɗaya ce: shin abin da nake gani a jikina tsufa ne, ko ciwo ne, ko kuwa gajiya ce kawai? Mun zaɓi shida, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya, ba za su maye gurbin ganin ma'aikacin lafiya ido da ido ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 29, 'ya'yana uku, ƙaramin watansa bakwai. Tun da ya cika wata uku gashina yake zuba, duk lokacin da na taje kai sai na ciro dunƙule daga mataji. Makon jiya kuma na ga furfura a gaban goshina. Ga gajiyar da barci ba ya kore ta, ga mantuwa, har nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Don Allah ki gaya mini gaskiya, haihuwa ce ta tsufar da ni, kuma shi ke nan ba gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana yaran. Abubuwa huɗu kika lissafa kika kira su da suna ɗaya, alhali kowanne dalilinsa daban, kuma a cikinsu furfurar ce kaɗai take da alaƙa ta kai tsaye da shekaru.

Bari mu fara da gashin, tunda shi ne ya fi tayar miki da hankali. Kowane silin gashi yana yin shekaru yana girma, sa'an nan ya huta na kimanin wata uku, daga nan ya faɗi wani ya tsiro a gurbinsa, kuma a haka ne mutum mai cikakkiyar lafiya yake zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana ba tare da ya lura ba. Idan mace tana da ciki, sinadarin istirojin yana ƙaruwa ƙwarai a jininta, shi kuwa yana riƙe gashin da lokacin faɗuwarsa ya yi, shi ya sa mata da yawa suke ganin kansu ya cika a watannin ƙarshe na ciki. Da zarar an haihu sinadarin yana sauka cikin 'yan kwanaki, sai duk gashin da aka riƙe wata da watanni ya shiga hutu a lokaci ɗaya, bayan wata uku kuma ya zuba a lokaci ɗaya. Dunƙulen da kike cirowa daga mataji tamkar tsohon bashi ne da jiki ya tashi biya gaba ɗaya. Zubar takan fi tsanani wajen wata na huɗu, daga nan ta fara lafawa, kuma ga yawancin mata kai yakan koma yadda yake kafin yaro ya cika shekara. Ki tsaya gaban madubi da rana ki duba bakin goshinki. Idan kin ga gajerun gashi sun miƙe tsaye sun ƙi kwanciya komai shafarki, to sababbi ne suke fitowa. Sai dai gashi kimanin santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, don haka babu man da zai cika miki kai a mako biyu, duk abin da mai talla zai faɗa. Abin da yake hannunki shi ne ki daina duk wani kitso ko ɗauri mai jan fatar kai, domin jan da aka daɗe ana yi yana kashe tushen gashi, kuma wannan zubar ita ce wadda ba ta dawowa.

Furfura kuwa mafi yawanta gado ce. Ki tambayi mahaifiyarki da 'yan uwan mahaifinki shekarun da suka fara ganin tasu, za ki sami amsa mafi kusa da gaskiya. Launin gashi wasu ƙwayoyin halitta ne da ke tushensa suke samar da shi, idan suka ragu sai silin ya fito fari. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna, a gwajin da suka yi da ɓeraye, cewa matsananciyar damuwa tana ƙarar da waɗannan ƙwayoyin, sa'an nan a 2021 wasu a Jami'ar Columbia suka bi silin gashin mutane ɗaya bayan ɗaya suka ga akwai waɗanda suka yi fari a lokacin damuwa kuma launinsu ya dawo da hankali ya kwanta. Kada ki ɗora buri mai yawa a kan wannan, mutanen da aka duba kaɗan ne. Ƙarancin bitamin B12 da shan taba su ma suna gaggauta furfura. Tsige ta ba ya sa ta yawaita kamar yadda ake faɗa, amma yana wahalar da tushen gashin ba gaira ba dalili.

Gajiyar ce ta fi damuna a cikin wasiƙarki, kuma ita ce ba na so ki bari ta wuce a matsayin halin masu goyo. Haihuwa uku kafin shekara 30 na nufin sau uku jikinki ya gina jinin wani mutum daga naki, sau uku kuma kin zubar da jini wajen haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma babban dalilinsa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Alamominsa su ne waɗanda kika faɗa, har da haki idan an hau bene, jiri idan an miƙe, bugun zuciya, da farin cikin fatar ido idan an ja ta ƙasa. Wasu ma sukan ji suna kwaɗayin taunar ƙanƙara ko ƙasa. Yana kuma tsawaita zubar gashi. Gwajin ɗigon jini ne kawai: macen da ba ta da ciki, idan awon himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza giram 12 a kowace desilita, to tana da ƙarancin jini. Idan aka ba ki ƙwayar ƙarin jini ki sha ta har tsawon watannin da aka ce, ko da kin ji ƙarfi ya dawo a mako na uku, domin jinin yana riga ma'ajiyar ƙarfen jiki cika. Za ta iya baƙanta bayan gida, wannan ba abin tsoro ba ne. Ki raba ta da shayi da madara da aƙalla awa ɗaya zuwa biyu saboda suna hana jiki tsotsar ƙarfen, alhali bitamin C yana taimaka masa. Idan an zo ɗibar jinin, ki roƙi a haɗa da gwajin tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki yake ƙona abinci, domin kimanin mace ɗaya cikin 20 takan sami kumburinsa a shekarar farko bayan haihuwa, kuma gajiya, jin sanyi, nauyin jiki da mantuwa ne alamominsa idan aikinsa ya ragu.

Game da mantuwa, gaskiya ne ciki yana sauya ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a Barsalona ta ƙasar Sifen, wanda Elseline Hoekzema ta jagoranta aka wallafa a ƙarshen 2016, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata kafin ciki da bayan haihuwa, ya ga sauyi a sassan da ke fahimtar halin da wani yake ciki, sauyin kuma yana nan har bayan shekara biyu. Amma da aka gwada tunaninsu da riƙe abu a ka, ba a ga sun gaza waɗanda ba su haihu ba. A ganina tsayuwar da kike yi a tsakiyar ɗaki ta barci ce: babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma awa bakwai da aka gutsuttsura gida biyar ba ta yin aikin awa bakwai a jere.

Tambayarki ta ƙarshe ma an bincika ta. A 2024 masu bincike a Jami'ar Yale sun auna wasu alamomin shekaru da ke cikin ƙwayoyin jini, suka ga suna hawa a lokacin ciki kamar mace ta ƙara shekaru, amma wata uku bayan haihuwa sun sauko ƙwarai, kuma saukar ta fi yawa ga masu shayar da nono zalla. Ƙashi ma haka yake: mai shayarwa takan rasa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ƙarfin ƙashinta, ya kuma dawo cikin watanni bayan yaye. Sharaɗin dawowar shi ne a ba jiki lokaci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Wannan magana ce tsakaninki da maigidanki, amma ya kamata ku yi ta da sakamakon gwajin jininki a gabanku.

TAMBAYA: Malama, ina jin kunyar abin da zan faɗa. Shekara ɗaya ke nan da na haihu, amma har yanzu idan na yi atishawa, ko tari, ko dariya mai ƙarfi, sai in ji fitsari ya ɗan zubo. Na rage shan ruwa, na kuma daina fita sai dole. Yayata ta ce kowace mace da ta haihu haka take, in yi shiru.

AMSA: 'Yar uwa, yayarki ta faɗi rabin gaskiya. Abin ruwan dare ne, domin kusan mace ɗaya cikin uku takan gamu da shi a watannin farko bayan haihuwa, amma yawansa bai sa ya zama abin da za a zauna da shi ba, kuma yana cikin matsalolin da suka fi jin magani. A ƙasan mara akwai wasu tsokoki da suke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Nauyin ciki na wata tara da fitowar yaro suna miƙar da su, sai su kasa riƙe bakin mafitsara idan matsi ya taso daga sama kwatsam. Ko wadda aka yi wa tiyata aka ciro yaro tana iya samun haka, tunda ita ma ta ɗauki nauyin.

Maganin farko motsa waɗannan tsokoki ne, hanyar da wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948. Ki matse kamar kina riƙe tusa da fitsari tare, ki ja sama, ba tare da kin riƙe numfashi ko kin matse cinyoyi da ɗuwawu ba. Ki ɗora tafin hannu a kan cikinki. Idan kin ji ya yi tauri yana turowa waje, to ba tsokar da ake nufi kika kama ba. Da farko wataƙila daƙiƙa biyu ko uku za ki iya riƙewa, a hankali ki kai goma, sa'an nan ki saki sarai kafin ki sake, domin sakin ma yana cikin aikin. Sau takwas a zama ɗaya, zama uku a rana, na aƙalla wata uku. Yawancin waɗanda suka ce bai yi musu aiki ba a mako na biyu suka bari, saboda haka ki haɗa shi da wani abin da kike yi kullum ba fashi. Ki kuma koyi matsewa kafin atishawar ta fito. Kada ki mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama shi ne atisayen, hakan yana hana mafitsara juyewa sarai.

Rage shan ruwa kuskure ne, ki daina daga yau: fitsarin yana yin kauri ya riƙa tsikarar mafitsara, bayan gida kuma ya yi tauri, yunƙurin fitar da shi ya ƙara wahalar da tsokokin da kike son gyarawa. Ki je asibiti ba tare da jiran wata ukun ba idan fitsarin yana zuba dare da rana ba tsayawa, domin wannan yana iya zama yoyon fitsari wanda tiyata ce maganinsa, ko idan akwai zafi wajen yinsa, ko kina jin kamar wani abu yana saukowa ta gabanki.

TAMBAYA: Anti, tsintsiyar hannuna ta gefen babban yatsa tana mini ciwo har ba na iya murɗe marfin kwalba. Jaririyata watanta biyar. Sanyin ƙashi ne ya kama ni tun yanzu?

AMSA: Da wuya, ƙanwata. Bayaninki ya fi kama da kumburin kuben jijiyoyin da ke motsa babban yatsa, wanda wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana tun 1895, kuma masu goyo ne manyan masu fama da shi. Ki tuna yadda kike ɗaga yarinyar: hannu biyu a hammatarta, manyan yatsu a buɗe a kan ƙirjinta, tsintsiya a karkace, sau da yawa a yini, ita kuma nauyinta ya ninka na ranar haihuwa. Ki naɗe babban yatsan cikin tafin hannu ki rufe shi da sauran, ki karkata hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan zafi ya tsarga a daidai wurin, to shi ne. Ki sauya ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawunta, ɗaya a bayanta, tsintsiya a miƙe. Idan kina shayarwa ki sa matashi ya ɗauki nauyin kanta, ki kuma rage latsa waya da babban yatsa. Akwai maɗaurin da ke tsayar da yatsan, ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle tana rage zafin, idan kuma ya wuce 'yan makonni bai sassauta ba likita yana da allurar da ake yi a wurin, wadda takan warkar da mafi yawan masu shi.

TAMBAYA: Hajiya, tun da na yi cikin fari kumatuna da goshina suka yi duhu, ga nankarwa a ciki da cinya. Wata ƙawata ta kawo mini wani mai da aka haɗa, babu rubutu a jikin robar, ta ce mako biyu zai wanke ni tas. Ina shayarwa. In shafa?

AMSA: Kada ki shafa, 'yata, ki mayar mata da kayanta cikin mutunci. Man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kuma yake alkawarin haske a mako biyu, kusan kullum ɗaya daga cikin abubuwa uku ne yake yin aikin. Akwai makuri, wato zaiba, wadda take ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta bi ruwan nono zuwa ga jariri, har ma ta manne a tawul da zanen gado ta shafi mutanen gida; haɗarinta ne ya sa ƙasashen duniya suka sanya kayan kwalliya a cikin Yarjejeniyar Minamata ta 2013, a 2023 kuma suka amince a hana saka ta a cikinsu kwata-kwata daga ƙarshen 2025. Akwai sitiroyid mai ƙarfi, wanda yake sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ya faɗaɗa nankarwar da kike son ɓoyewa, idan an daɗe kuma ya jawo hawan jini da ciwon suga. Akwai haidurokwinon, wanda idan an daɗe ana shafa shi yake barin baƙin tabo mai wuyar fita a daidai kumatun da aka so haskakawa. Ba na jin akwai abin da yake tsufar da fuskar mace da wuri kamar waɗannan mayukan.

Duhun da kike gani sinadaran ciki ne suka tayar da ƙwayoyin launi, rana kuma take ƙara masa ƙarfi. Ga mata da yawa yana disashewa da kansa cikin shekara guda bayan haihuwa, kuma babban taimakon da za ki yi masa shi ne kare fuska daga rana da inuwa da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama da haka. Kasancewa baƙar fata bai ɗauke wa kowa wannan ba. Idan kina shan ƙwayar tsarin iyali mai istirojin ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, domin tana iya ƙara shi. Likitan fata yana da magungunan da mai shayarwa za ta iya amfani da su. Nankarwa kuwa ba ta ɓacewa gaba ɗaya, amma tana komawa siririya mai haske cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba.

TAMBAYA: Anti, tawa ba ta ciwo ba ce. 'Ya'yana biyu, ina ƙaunarsu, amma lokacin da na fi jin daɗi a yini shi ne idan sun yi barci na haɗa shayi na zauna ni kaɗai na sha shi da zafinsa, ba mai kiran sunana. Wani lokaci har nakan bar wanke-wanke saboda shi. Daga baya sai zuciyata ta riƙa zargina, ina cewa wace irin uwa ce take murnar barcin 'ya'yanta?

AMSA: Irin uwar da take raino da gaske, ƙanwata, kuma ku ne mafi yawa, sai dai kowace tana ɓoye nata. A 2004 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun nemi mata 909 masu aiki a jihar Texas ta Amurka su rarraba yininsu na jiya kashi-kashi, su faɗi yadda suka ji a kowane kashi. Kula da yara ya zo can ƙasa, bayan hira da ƙawaye, hutawa, cin abinci da kallon talabijin, bai fi aikin gida da wani abin kirki ba. Matan nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Ƙaunar yaro daban, aikin rainonsa daban, kuma aikin ne yake hana mutum gama tunani ɗaya ba a katse shi ba tun daga asuba har dare. Abin da kike jin daɗinsa a wannan zaman shi ne abin da kika fara kika gama da kanki, da hannu biyu, ba kunnenki a wani wuri.

Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba su ɗauki irin wannan a matsayin sangarta ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi wajen magance ciwon damuwa shi ne su zauna da mutum su lissafa ƙananan abubuwan da ya saba jin daɗinsu, su sanya musu lokaci a mako, ya yi su ko da bai ji sha'awa ba, domin an gano cewa sha'awar takan biyo bayan aikin. Ke da kike yin naki tun kafin wani ya rubuta miki shi, kada ki bari zargin kai ya ƙwace miki. Wanke-wanken da ya jira minti ashirin bai cutar da kowa ba.

Sai dai zan ɗan tsoma baki a wurare biyu. Na farko, ba duk abin da ake kira hutu ne yake hutar da mutum ba, kuma hanyar ganewa ita ce yadda kike ji bayan kin tashi. Minti ashirin na shayi, ko karanta shafi biyu, ko wanka ba tare da sauri ba, ko kiran ƙawar da za ku yi dariya, sukan bar mutum sakayau. Awa guda ta bin hotunan gidajen mutane a waya takan bar shi da ido mai nauyi da zuciya mai ƙunci, ta kuma cinye barcin da ake kuka da rashinsa. Idan shayin naki na dare ne, ki sani rabin sinadarin kafeyin yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, don haka mai ƙarfin ya fi dacewa da safe ko rana. Na biyu, ki nemi jin daɗi ɗaya wanda zai fitar da ke waje. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mace bayan haihuwa ta sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa sau biyar, kuma ana iya yanka ta minti goma-goma. Hasken safiya yana daidaita barcin dare, tsoka kuma, wadda take fara raguwa a hankali daga wajen shekara 30, tana tsayawa ne idan ana amfani da ita. Ki faɗa wa maigida ko wanda kuke zaune tare lokacin da kike so a riƙe miki yaran, ki ambaci ranar da ƙarfen, domin "wani lokaci ka taimaka mini" ba ya zuwa.

TAMBAYA: Malama, ni magidanci ne. Matata ta haihu wata biyu da suka wuce, ita da yaron lafiya lau, amma ta sauya. Ba ta dariya, abubuwan da take so da duk ta bar su, ko yaron ya yi barci ita ba ta iya yi, takan zauna ta yi ta kuka tana cewa ba ta iya komai ba. Na yi rarrashi, na yi faɗa, na ce ta dubi waɗanda suke nema ba su samu ba. Me ya rage in yi?

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da ka lura har ka rubuto. Abu na farko, ka daina faɗan da kwatanta ta da wasu, domin ta riga ka zargin kanta, maganar tana ƙara mata nauyi ne kawai. Mata da yawa sukan yi saurin kuka da ƙuncin rai daga kwana na uku bayan haihuwa, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya kai wata biyu, ya ɗauke mata sha'awar abin da take so, ya hana ta barci ko da ta sami dama, alamar ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu sukan sami irin wannan lalura, adadin kuma ya kusa kashi 20 a ƙasashe masu tasowa. Saukar sinadaran jiki, rashin barci, wahalar haihuwa da kaɗaici duk suna da hannu a ciki. Ba rashin godiya ba ne, ba kuma rashin son yaron ba.

Ka raka ta asibiti a wannan makon, ka shiga tare da ita, ka faɗi abin da ka rubuto mini, domin idan ita kaɗai ce za ta iya cewa lafiya lau. Akwai takardar tambayoyi goma da aka tsara a Edinbara ta Sikotilan a 1987 wadda ma'aikatan lafiya suke amfani da ita, ba ta cin minti biyar. A duba jininta da tayirod ɗinta a wannan zuwan. Ciwon yana jin magani: a wani gwaji da aka yi a karkarar Rawalpindi ta Pakistan aka wallafa a 2008, ma'aikatan lafiya mata da aka horar sun riƙa zuwa gida suna tattaunawa da masu ciwon bisa tsari, bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon, alhali kashi 53 ne a cikin waɗanda ba a bi da su ta wannan tsarin ba. Idan likita ya ga buƙatar ƙwaya, akwai waɗanda ba sa hana shayarwa.

A gida kuwa, babban abin da za ka ba ta shi ne barcin awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare: ta shayar ta kwanta a wani ɗakin, kai ka riƙe yaron, ka sauya masa ƙunzugu, ka jijjiga shi a hankali, idan ya yi barci ka kwantar da shi a kan bayansa a shimfiɗarsa, kada ka yi gyangyaɗi da shi a kan kujera. Idan kuwa ta ambaci mutuwa, ko cutar da kanta ko yaron, ko ta fara jin muryoyi, ko maganarta ta rikice, ko ta kwana biyu ba ta runtsa ba, kada ka jira ranar ganin likita kuma kada ka bar ta ita kaɗai da yaron. Ka kai ta sashen gaggawa a ranar.